Yoyon Mai a Motar Mma Sanatu

Mota ta farko da aka ce in nemo inda take yoyon mai tasi ce, wata tsohuwa da ke zirga-zirga tsakanin kasuwa da asibiti. Lokacin ina shekarata ta biyu da fara koyon kanikanci a wurin Masta Abdulai a unguwar Sabonjida. Direban ya ajiye ta da safe, ya ce kullum sai ya tarar da baƙin mai a ƙasa inda ta kwana. Masta ya dube ni ya ce, "Yakubu, nemo mini."

Na shiga ramin da ke ƙarƙashin motar, na ɗaga kai, na ga ɗigo yana rataye a kan notin da ake kwancewa a zubar da mai. Ban yi minti biyu ba na fito na ce noti ne, a canza masa wosha. Masta ya miƙo mini buroshi da gwangwanin kananzir, ya ce in wanke injin daga sama har ƙasa. Na wanke, na ɗauraye da ruwa, aka bar shi a rana ya bushe. Sannan ya zaro hodar jarirai daga aljihun rigarsa, ya barbaɗe bayan injin da gefensa har suka yi fari, ya ce a tayar da mota. Muka tsaya muna kallo. Can sai ga wani siririn layi baƙi ya bayyana cikin hodar, daga can sama, a kusurwar murfin inji ta baya. Ya gangaro a hankali, ya zagaye filta, ya bi gefen kwanon mai, ya je ya taru a kan notin nan da na ɗora wa laifi.

Masta ya ce, "Noti shi ne wuri mafi ƙasa, shi ke nan laifinsa. Duk man da ya tsere can zai je ya tsaya. Kai kuma ka je ka kama shi."

Ina ba ku wannan labari ne, ku yaran gareji, saboda na ga yadda kuke yi yanzu. Mota ta shigo, mai ita ya ce tana yoyo, kafin ya rufe baki an buɗe waya an kalli bidiyo, an ɗauko gam. Ina jin kuna ce wa juna yoyon mai aikin sabon shiga ne, babban aiki shi ne sauke inji ko sa wa mota kwamfuta. Na haura shekara talatin a wannan sana'a, na sauke injina da ban san adadinsu ba, amma aikin da na fi ɓatawa a rayuwata yoyon mai ne. Zan zo kansa.

Kayan neman yoyo babu wanda zai burge ku. Kwali mai tsabta da za a shimfiɗa ƙarƙashin mota ta kwana a kai, don a ga daidai inda ɗigon ke sauka da kalarsa. Farin tsumma. Tocila. Guntun madubin babur da Masta ya ɗaure a bakin waya mai kauri, don leƙa bayan inji inda kai ba ya shiga. Hoda, ko toka mai laushi in babu hoda. Sauran kuma yatsa ne da hanci. Man inji in ya tsufa baƙi ne, da ɗan warin ƙuna. Man giya ya fi kauri, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in ka shinshina sau ɗaya ba ka mantawa. Man sitiyari ja-ja ne. Man birki kuwa kamar ruwa yake, kuma in shi ne a ƙasa, motar ba ta barin gareji sai an gyara, ko mai ita zai yi fushi. Na taɓa ganin bakanike ya sauke kwanon inji gaba ɗaya alhali man sitiyari ne ke zuba. Bai ko shafa da yatsa ya duba ba.

Shekara biyar na yi a hannun Masta Abdulai. Ba mai duka ba ne, kuma ba mai yawan magana ba. In ka ɗaure noti fiye da kima, ba zai ce ka yi kuskure ba, sai ya ba ka fakin da ka matse ya fashe, ya ce ka sa a aljihu ka yini da shi. Faki shi ne wannan abu mai laushi da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana hana mai fita. A wurinsa na koyi cewa ba a ɗaure notocin murfi bi da bi a zagaye, sai dai a tsallaka, wannan gefe sannan wancan, kaɗan-kaɗan, har murfin ya zauna daidai. A wurinsa na koyi shafa wa robar sabuwar filta mai kafin a ɗaura ta, da duba ko tsohuwar robar ta maƙale a jikin inji, don in suka haɗu biyu, man motar duka zai zube kafin a kai kwanar farko. Gam kuwa ba ya son ganinsa. Yana ajiye guda ɗaya a akwatinsa, shi kaɗai ke taɓawa, kuma in zai sa, siriri yake ja kamar zare.

Bayan na buɗe nawa wurin a bakin babban titi, aikin da ya fito da sunana na wani ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a unguwar Kalpohin, mutumin kudu, Mista Boateng. Hausarsa ta kasuwa ce, komai "shi" ne a bakinsa, mota shi, matarsa shi. An canza masa sil na gaban inji, robar da ke tare mai, har sau uku a gareji uku, kowane sabo ya yi mako ya fara jiƙa. Na sa ya tayar da motar, na buɗe murfin da ake zuba mai, na ɗora tafin hannu a bakin. Iska ce ke bugo ni da ƙarfi. Inji ma yana numfashi, yana da ɗan tiyo da iskar cikinsa ke bi ta fita. In tiyon ya toshe, iskar sai ta nemi hanya, ta tura mai ta duk inda ya fi rauni, ko ka sa sil ɗari. Na cire tiyon, na tarar da shi cike da daskararren datti, na zura waya na wanke da kananzir na mayar.

Mista Boateng ya riƙe ƙugu ya ce, "Masta, shi ke nan? Wannan ƙaramin tiyo shi ne ya wahalar da ni wata uku?"

Ya je ya baza labari a ofisoshi. Aka fara cewa Masta Yakubu da ido kawai yake ganin yoyo. Da farko ina gyara musu magana. Daga baya na daina gyarawa, daga baya kuma ni ma na yarda.

Sai shekarar da aka faɗaɗa titin aka tashe mu duka. Na koma Kasalgu, nan inda muke yanzu, amma lokacin fili ne kawai da bishiyar dogonyaro ɗaya. Babu rami, babu rufi. A ƙasa nake kwanciya kan buhu in shiga ƙarƙashin mota. Masu motocin ofis ba su biyo ni ba, wurin ya yi musu nisa. Akan yi kwana uku ban riƙe sifana ba. Ga shi ranin shekarar ya yi tsanani, famfo ya ɗauke makonni, dam ya koma laka, mata suna yawo da jarkoki rawaya tun safe. Ruwan wanke inji ya zama abin da mutum zai yi tunani kafin ya zubar. A shekarar ce kuma Masta Abdulai ya rasu, babu sauran wanda zan ji kunyar ya leƙo aikina.

Cikin 'yan kaɗan da suka biyo ni akwai Mma Sanatu. Mma shi ne yadda Dagomba, mutanen ƙasar nan, ke kiran uwa, kuma kowa haka yake kiranta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ƙwarar kaɗanya take saye a kasuwannin ƙauye ta kawo wa matan da ke yin man kaɗe a cikin gari. Da guminta ta sayi tsohuwar fikof, kuma a lokacin ban san wata mace a unguwarsu mai motar kanta ba. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta yi boko ba, amma kowace tafiya tana gaba kusa da direba, kuma ta san kukan motarta kamar yadda ta san muryar jikokinta.

Direbanta Idirisu ne, ɗan Dagomba daga wajen Savelugu, magidanci mai 'ya'ya biyar. Shekara bakwai yana ja mata. Kullum da safe kafin ya tayar da mota sai ya zaro geji, wato sandar auna mai, ya goge da tsumman da yake ajiyewa a ƙofa, ya mayar ya sake zarowa ya duba. Ni da bakina na sha nuna shi ga wasu direbobi ina cewa su yi koyi da shi.

Wata Talata da hantsi suka shigo. Mma ta sauko, muka gaisa, ta zauna kan bencin da ke gindin bishiya.

"Masta Yakubu, motar nan tana zubar da mai. Kuma in mun ɗauko kaya muna hawa tudu, ina jin ƙauri a gaba, kamar an bar miya a wuta. Ni dai a ganina daga sama abin yake."

Na yi dariya na ce, "Mma, yaushe kika fara kanikanci ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Hanci nake da shi, ba sifana ba."

Duk wanda ya yi wata shida a gareji ya san ma'anar maganarta. Mai ba ya ƙauri sai ya ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, kuma ba ya hawa sama ya ɗiga, saukowa yake. Ta ba ni amsar a hannu. Amma na durƙusa na leƙa, na ga kwanon mai na ƙasa ya jiƙe sharkaf ko'ina, na miƙe na ce, "Fakin kwano ne ya mutu."

Idirisu ya ce, "Masta, ba za a wanke shi tukuna a gani ba?"

Na ce, "Da wane ruwan? Ka zo da shi daga gidanku?"

Gaskiyar magana jarka ɗaya ta isa, kuma masu sayar da ruwa suna wucewa ta gabanmu. Ba ruwa ne ya hana ni ba. An ce da ido nake gani, ga kuma mace ta riga ni faɗa a gaban direbanta.

Na hau babur na shiga gari neman faki, ban samu irin na motar ba. Aka ce sai an aiko daga Kumasi, kwana biyu. Washegari kuwa kasuwar Karaga ce, kuma Mma ba ta fashin wannan kasuwa. Na san in na ce ta jira, za ta iya kai motar wani wuri, kuma a shekarar ba ni da ƙarfin rasa ko mutum ɗaya. Na dawo da gam.

Ku saurara nan, don nan ne aikin yake. In dole sai an sa gam, ana kankare tsohon faki tas, a goge bakin ƙarfen ya bushe babu maiƙo, a ja layi siriri, a ɗan jira ya fara kamawa, sannan a ɗaure a hankali. Ni kuwa ina kwance a ƙasa mai zafi, datti yana zubo mini a ido, na matsa shi da kauri kamar yatsa don kada a ce bai kama ba, na ɗora kwano nan take na ɗaure tamau. Gam ya tsattsafo ta waje ko'ina, na bi da yatsa na share, ya yi kyau a ido. Abin da kuke mantawa, ni ma na manta a ranar, shi ne yadda ya tsattsafo ta waje haka ya tsattsafo ta ciki, inda babu yatsan da zai share.

Bayan kwana takwas Idirisu ya dawo shi kaɗai. Ina ƙarƙashin wata mota, ban fito ba. Da ƙafafuna ya yi magana.

"Masta, yoyon bai tsaya ba. Kullum ina ƙara masa mai. Kuma yanzu jar fitilar nan ta mai tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi a doguwar hanya."

Na ce, "Mai yana ciki?"

"Yana ciki. Kullum ina dubawa."

"To suwic ɗin fitilar ne, tsofaffin motoci haka suke. Je ka, in na samu sarari zan duba."

Ya ɗan tsaya, ina ganin takalmansa. Sannan ya ce, "To, Masta," ya tafi.

Jar fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba. Tana faɗa maka ne ko man yana hawa da ƙarfi zuwa inda ake bukatarsa. Mota mai cikakken mai da jar fitila ta fi mota mai yoyo haɗari nesa ba kusa ba. Na san wannan tun ina Sabonjida. Da na fito daga ƙarƙashin motar nan na ba shi minti goma, da labarin ya ƙare a nan.

Kasuwar Karaga ta gaba, da azahar, tarakta ta jawo fikof ɗin har gindin bishiya. Inji ya buga a hanyar dawowa, da kaya cike. Idirisu ya kwance igiya, ya ce zai je ya ga an sauke buhunan a wurin da aka tara su, ya taho da Mma da ta tsaya wurin kayan. Aka bar ni ni kaɗai da motar.

Na sa roba a ƙasa na kwance noti. Mai ya zubo, ya yi ta zuba, har robar ta kusa cika. Injin da ya buga don rashin mai ba ya cika roba. Tun a nan na san ba direba ba ne. Na sauke kwano. A cikin kwanon akwai bakin famfon da ke tsotso mai ya tura sama, da 'yar raga a bakinsa mai tace datti. Ragar nan ba a ganinta. Gam ɗina ne ya yanko zare-zare kamar taliya, ya lulluɓe ta gaba ɗaya. Man yana nan cike, famfo yana tsotso, babu hanya.

Na ɓamɓare gam ɗin da farce, na dunƙule shi, na jefa cikin ciyawa bayan bishiya. Man kuma na juye shi cikin duron tsohon mai da kafintoci ke zuwa ɗiba, na goge robar. Sannan na ɗauko madubi da tocila na leƙa bayan inji. Kusurwar murfin sama ce ke tsiyaya, daidai kan bututun hayaƙi, inda Mma ta ce.

Kafin la'asar suka iso. Mma ba ta zauna ba. Ta dubi kwanon a ƙasa, ta dubi ƙarafan da suka narke da na jera kan buhu.

"Masta Yakubu, me ya kashe mini inji?"

Na ce, "Mma, mai ne bai kai masa ba."

Ta juya ta dubi Idirisu.

Ya ce, "Mma, wallahi na duba da safe. Yana kan layi. Na ƙara masa ma." Ya juyo gare ni. "Masta, ai kai ka kwance. Ka faɗa mata abin da ka samu a ciki."

Ina goge sifana da tsumma. Na ce, "Mota mai yoyo, abin da ka gani da safe ba lallai shi ne da rana ba."

Ku lura, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a abin da na faɗa. Na daɗe ina riƙe da wannan, kamar yana da wani amfani.

Mma ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Shekara bakwai, Idirisu. Ba ni makulli."

Ya zaro ya ba ta da hannu biyu. Ya buɗe ƙofar mota ya ɗauki hularsa da tsummansa da buta, ya yi mana sallama, ya bi hanya da ƙafa.

Tasha ba ta ɓoye labari. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji Idirisu ya kashe injin Mma Sanatu don bai duba mai ba. Direban da aka ce ya buga inji, babu mai mota da zai sake miƙa masa makulli. Na gan shi yana lodin buhuna a kasuwa, mutumin da ya yi shekara ashirin a kan sitiyari. Na ji an ce ya mayar da iyalinsa ƙauye, babban ɗansa ya bar makaranta ya kama noma. Sai bayan shekaru ya samu keke mai ƙafa uku, irin rawayan nan, yana ja wa wani.

Mma kuwa ni ta ba aikin tayar da injin. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. Na wanke kowane ƙarfe sau biyu, na aika Kumasi aka kawo faki na gaske, na canza na murfin sama ban gaya mata ba. Motar ta tashi kamar sabuwa, ko ɗigo babu. Mma ta ji daɗi, ta shiga yabona wurin 'yan kasuwa, ta turo mini masu motocin doya da na gyaɗa da na gawayi. Ramin nan da kuke shiga, da rufin kwanon da ke kanku, daga mutanen da ta turo suka fito.

Ita kam ba ta sake dacewa da direba ba. Ta yi uku cikin shekara biyu. Ɗaya yana satar mai, ɗaya ya kifar da motar a kwalbati, na ukun ban ma riƙe sunansa ba. A ƙarshe ta sayar da fikof ɗin, ta koma hawa bayan manyan motocin kasuwa da buhunanta, da tsufanta. Duk da haka in ta biyo ta nan sai ta tsaya, ta ajiye wa matata ƙwaryar man kaɗe. Sau da yawa na shirya maganar a bakina. In ta zauna kan benci ta fara tambayar yara, sai in ce bari sai wani zuwan. Wata rana ita da kanta ta ce, "Masta Yakubu, har yau ina mamakin Idirisu. Ban taɓa zaton zai yi mini sakaci ba." Na ce, "Ɗan Adam ke nan, Mma." Abin da na ce ke nan.

Ciwon kwana huɗu ta yi ta rasu. A wurin jana'iza na ga Idirisu cikin masu ɗaukar makara. Ya riƙe gefensa har maƙabarta, bai ba kowa ya karɓe shi ba.

Bayan sadakar arba'in na je na same shi inda masu keke ke jiran fasinja a bakin kasuwar Aboabo. Rana ce tsaka, yana zaune cikin kekensa yana cin gyaɗa. Ya gan ni ya sauko, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Na ce ina da magana. Muka koma gefe, inuwar wani shago.

Na ce, "Idirisu, ranar da injin Mma ya buga, mai yana ciki. Cike yake. Ni na zubar kafin ku zo."

Ya ce, "Na sani, Masta. Da hannuna na zuba shi da safe. Abin da ban sani ba, me ya hana shi hawa?"

Na gaya masa. Gam ɗin, da ragar, da jar fitilar da ya zo ya faɗa mini. Ya saurara yana gyaɗa kai, kamar direban da ake koya wa wani abu game da mota.

"Gam," in ji shi. "Shekarun nan duka ina tunani, na ce ko famfon ne ya mutu."

Na ce, "Me ya sa ba ka matsa ba a ranar? Ka ce a nuna maka man?"

"Kai ne masta. Ni direba ne. In na ce ka yi ƙarya, wa zai ji nawa?" Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Ka gaya wa Mma?"

Na ce, "Ban samu ba."

"Ba ka samu ba." Ya maimaita a hankali, ba da gatse ba. "Ita ce ya kamata ta ji, Masta. Ni ai na riga na sani."

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce zan je tasha in faɗa a gaban kowa. Ya ce waɗanda suka san maganar rabi sun mutu, rabi sun manta, kuma idonsa yanzu ba ya kai doguwar hanya, ko an ba shi mota ba zai iya ba. Duk da haka na je na faɗa wa shugabannin direbobi. Suka saurara, suka ce Allah ya kyauta, ɗaya ya tambaye ni wane Idirisu. Na je wurin 'ya'yan Mma ma. Babbar ta ce ba komai, abin ya wuce.

Kun san shi. Shi ne dattijon nan mai furfura da ke wucewa ta nan da keke rawaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Masta, sannu da aiki." Bai taɓa wucewa bai gaishe ni ba. Makon jiya keken ya mutu masa daidai ƙofarmu, kuna ciki kuna cin abinci. Na miƙe na ce ya shigo da shi in duba. Ya ce, "A'a, Masta, kada in wahalar da kai." Ya kama kan keken ya ci gaba da turawa cikin rana, ya wuce mu, har garejin da ke bayan gidan mai.